Kwana Goma Sha Huɗu Ba a Taɓa Fuskar Umma

"Umma, wa ya fere miki fuska?"

Mage ce ta jefo tambayar daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa ɗaya, jakar makaranta na reto a gwiwar hannunta. Shekarunta huɗu da 'yan watanni. Yaya, wato yayar Umma da ta ɗauko ta daga makaranta, ta dafe ƙirji.

"Ke! Dankali ce uwar taki da za a fere ta? Sannu ake ce wa marar lafiya."

"Sannu Umma. To wa ya fere ki?"

Dariya ta taso wa Umma, ta danne ta da ƙyar, don ko murmushi ta gwada sai ta ji kamar kumatunta za su tsage. Jiya aka yi mata aikin, yau da safe aka cire bandeji. Fuskar ta kumbura har idanunta sun koma 'yan mitsi-mitsi, kumatun biyu jajawur, sai ƙyallin mai suke yi. Tana zaune a kan gado, an tara mata matasai uku a baya.

"Likita ne," ta ce, ba ta buɗe baki sosai ba. "Kuma ni na ce ya yi."

Mage ta yar da jaka ta nufo gadon a guje, hannuwa a buɗe. Yaya ta cafke ta a tsakiyar ɗaki, ta ɗaga ta sama, ƙafafu na wutsil-wutsil.

"Ina za ki? Me muka ce a hanya?"

"Ba a taɓa fuskar Umma."

"Har kwana nawa?"

"Goma sha huɗu." Ta ɗaga yatsunta duka, ta dube su, ta ga ba su kai ba, sai ta fashe da kuka.

Tun Umma tana 'yar shekara goma sha biyar ƙuraje suka yi mata kaca-kaca da fuska. Da suka gaji suka tafi, sai suka bar mata ramuka a kumatu, wasu kamar an soka tsinke, wasu kamar an danna farce a jikin sabulu. Da su ta yi aure, da su ta haihu, kuma da wani aikin take yi daban, wataƙila da su za ta tsufa ba ta damu ba. To amma a shagon tabarau take aiki, ita ce mai gwada wa mutane. Idan gilashin mutum ya iso, ita za ta zaunar da shi, ta sunkuyo dab da shi, ta ɗora masa a karan hanci, ta lanƙwasa hannayen a bayan kunne, ta ce, "To, yaya ka gani?" Mutumin da ya shekara yana ganin duniya dishi-dishi, abin da zai fara gani tar shi ne kumatunta. Ta san kallon sarai. Ido ya sauka a wurin, ya ɗan tsaya, sai mai shi ya yi maza ya mai da shi kan allon haruffa. Wata tsohuwa kam ba ta ɓoye ba, ta ce, "Ayya 'yar nan, ashe haka kike? Ai da tsohon gilashin kin fi kyau." Haka take fama sau goma, sau ashirin a yini, har shekara shida.

Da ta ce za ta je wurin likitan fata, Baban Mage, wanda gyaran firji ne sana'arsa, ya ce, "Ni dai da ramukan na gan ki na ce ina so. In aka shafe su, sai na sake neman ki daga farko ke nan." Amma shi ya kai ta. Likita ya nuna musu wani ɗan inji mai juyawa, kamar na masu gyaran haƙori, ya ce da shi zai kankare saman fatar bayan an kashe wurin da allura, sabuwa ta tsiro daga ƙasa. Ya ce ramukan ba za su ɓace duka ba, za dai su yi sauƙi. Ya ƙara da cewa nasa aikin na awa guda ne, nata kuwa na makonni.

Akwai wadda ramukan nan suke yi wa amfani, kuma ita kaɗai ce ba a yi shawara da ita ba. An sa mata Mage ne saboda tun tana rarrafe, in tana son mutum sai ta goga kumatunta a nasa. Umma kan tashi daga shago ƙarfe biyu, ta biya ta ɗauko ta, su ci abinci, su kwanta. Barcin ranar nan kuwa ba ya yiwuwa sai yarinyar ta haye ƙirjin uwarta, ta miƙa ɗan yatsa tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Har sunaye ta raɗa musu. Babban da ke kusa da kunnen hagu shi ne gidan Baba. Uku a jere ƙarƙashin ido su ne 'yan makaranta. Takan bi su tana ƙunƙuni, yatsan na ƙara nauyi, har ya zame ya faɗo kan wuyan Umma. Nan ake sanin barci ya ɗauke ta.

Nas ɗin asibitin, wata doguwa mai magana kamar tana karanta sanarwa, ita ta sallami Umma da takarda da leda guda. A cikin ledar akwai ƙyallen asibiti mai laushi a yayyanke, da kwalbar mai mai faɗin baki, da 'yan katakai irin waɗanda likita ke danne harshe da su.

"Ki wanke hannu da sabulu kafin komai. Ki jiƙa ƙyalle da ruwan da aka tafasa ya huce, ki ɗora a wurin, kada ki goga. Sannan ki shafa mai da katako, ban da yatsa. Sau huɗu a yini. Kada ki bari wurin ya bushe. In ya yi ɓawo, kada ki ɓare. Zai yi ƙaiƙayi kamar ki yi hauka, kada ki sosa. Rana kuwa ku yi hannun riga. Kina da ƙananan yara?"

"Ɗaya."

"Kada ta taɓa. Hannun yaro babu inda ba ya shiga. Kuma duk wanda kika ga ƙurji a leɓensa, ko mijinki ne, ya yi nesa da ke. Fatar da za ta tare miki cuta ita ce muka cire."

Umma mace ce mai tsari. Ta manna takardar a jikin firji. A ƙasanta ta manna wata da ta zana gidaje goma sha huɗu, ta ɗaure fensir da zare, ta ce kowace safiya Mage ce za ta soke gida ɗaya. Ta ware tawul ɗinta da rigar matashinta. A ƙofar banɗaki, inda tayil ɗin falo ya haɗu da na ciki, ta nuna wa Mage layin, ta ce in Umma na wanke fuska, nan ce iyaka.

Kwana ukun farko ciwon da kumburin sun ɗauke mata hankali. A na huɗu ƙaiƙayi ya sauka. Sai ta zauna a kan tafukan hannunta tana karkaɗa ƙafa, hawaye na taruwa, ga shi ko hawayen ba ta son su gangaro kan wurin. Baban Mage ya shigo da jakar kayan aiki ya same ta haka, Mage kuma na can gefe ta zumɓura baki.

"Af, ashe yanzu ku biyu ne aka hana taɓa fuskar. Ni ne na uku, amma ni babu mai tausaya mini."

"Don Allah kada ka ba ni dariya."

"To na yi shiru. Amma wallahi kin yi kama da tumatir ɗin da aka..."

"Baban Mage!"

Ita dai Mage ba ta ga abin dariya ba. Tun ranar farko barcin rana ya gagara. Yaya, wadda Mage ke kira Inna, takan zo kullum da hantsi ta tafi da yamma. Ta gwada kwantar da ita a ƙirjinta. Yarinyar ta miƙa yatsa ta lalubi kumatun, ta zagaya, ta zagaya, sai ta ture.

"Taki babu komai, Inna."

"To sannu. Yau na ji ana raina mutum don fuskarsa ba ta da rami."

Ranar da babu aiki Mage ta gwada ta ubanta, ta ce tasa ƙaya ce. Ta koma bin maɓallan rigar Yaya, ta koma bin ɗinkin katifa. Ƙarshe dai sai ta yi ta juyi har lokacin barcin ya wuce, ta tashi da rigima, ta ƙi abinci, ta jefar da cokali. Umma na jin komai daga ɗakinta. Ƙarfe biyu da rabi na yi, ko ba ta dubi agogo ba, sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, kamar an sauke mata wani kaya da ba ta ce a sauke ba. Ashe ita ma ta saba. Ta saba da nauyin kan nan a ƙarƙashin haɓarta, da warin gumin makaranta a gashin, da ɗan yatsan mai danshi. Shekara shida tana roƙon Allah ya raba ta da ramukan nan, ba ta taɓa tunanin akwai abin da zai tafi tare da su ba.

A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe Mage. Baban ya kai ta asibitin yara aka ba da magani, aka ce ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma yaro mai zazzaɓi uwarsa yake kira. Tana kwance jiki zafi rau, tana miƙo hannuwa. Umma ta tsaya a kanta, ta rasa yadda za ta yi. In ta ɗauke ta, fuskar za ta nufa, ko a cikin barci. Sai ta zauna a ƙarshen gadon ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarta, ta riƙe su da hannu biyu. Yini guda tana riƙe da ƙafafun nan, tana murza 'yan yatsun, tana yi mata waƙa da baki a rufe. Yaya ce ke goge mata goshi, ita ce ke rungume ta in ta firgita. Umma ta ga kan 'yarta a kafaɗar yayarta, ta kau da ido. Ta ji kunyar abin da ta ji.

Zazzaɓin ya sauka a rana ta bakwai, ya bar wasu 'yan ƙuraje masu ruwa a gefen leɓen Mage. Umma na ganinsu ta buga wa nas waya. Nas ta ce kofi daban, cokali daban, tawul daban, kuma a ƙara nisa har sai sun bushe. Umma ta ɗauko jan zare ta ɗaura a hannun kofin Mage da cokalinta. Ko ƙafar ma ta daina riƙewa sai in za ta wanke hannu nan take.

Washegari da la'asar Yaya ta fita ɗauko nata 'ya'yan daga makaranta, ta ce ba za ta daɗe ba. Umma ta kunna wa Mage talabijin ta shiga banɗaki, don lokacin wankin fuska ya yi. Ta wanke hannu, ta jiƙa ƙyalle ta ɗora, ta cire. A madubi ta ga wurin ya fara yin wata sabuwar fata siririya mai sheƙi. Ta buɗe kwalbar mai ke nan, sai ta ga mutum a madubin. Mage na tsaye a kan layin tayil, yatsun ƙafarta dab da shi, ba ta ƙetare ba. Ta rame. Ƙurajen sun fashe, leɓen ya tsage, ga ɗan jini a gefe.

"Umma, bakina yana mini zafi."

"Sannu 'yar Umma. Bari Inna ta dawo ta sa miki naki maganin."

"Ni naki nake so."

Ba kuka ta yi ba. Da kuka ta yi, da Umma ta iya yi mata tsawa. A hankali ta faɗa, tana kallon kwalbar, kamar wadda ta riga ta san za a hana ta.

Umma ta yi lissafinta, kuma a ganinta lissafin ya fita. An ce kada yarinyar ta taɓa fuskarta. Ba a ce ita kada ta taɓa fuskar yarinyar ba. Ga sabulu a gabanta, ga famfo. Katakan ma suna nan a kofi, hannu kawai za ta miƙa. Amma katako ba shi take so ya taɓa leɓen nan ba. Ta durƙusa a nata ɓangaren layin, ta miƙa hannu iya tsawonsa, kanta a baya.

"Kada ki motsa. Hannu a ƙasa."

Ta lakato man da yatsa ta ɗora a gefen leɓen. Kwana takwas rabon da ta taɓa fuskar nan. Ɗumin numfashin yarinyar ya sauka a bayan hannunta. Mage ta lumshe ido, ta ɗan karkato kai tana bin yatsan, irin yadda ta saba. Man ya isa tun a shafar farko, Umma ta sani. Amma ta sake tsoma yatsan a kwalba ta dawo, ta bi leɓen ƙasa, ta sake tsomawa ta bi haɓar, ta bi kumatun da babu abin da ya same su.

"Ya daina?"

"Saura nan."

"Nan ai kunne ne, sarkin wayo."

Mage ta ƙyalƙyale da dariya, rabonta da dariya tun kafin zazzaɓi. Ta koma falo, kuma kafin Yaya ta dawo barci ya kwashe ta a kan kujera, bakinta na ƙyalli.

Umma ta wanke hannu da sabulu sau biyu, har ƙarƙashin farce. Ta goge da sabon ƙyalle. Sannan ta zaro katako mai tsabta, ta tsoma a kwalbar, ta shafa a kumatunta yadda aka koya mata. Ta yi haka da yamma. Ta yi haka sau huɗu washegari, da ranar da ta biyo.

A rana ta goma sha ɗaya ta farka da wani zafi da ba irin na da ba. Wannan ba ƙaiƙayi ba ne, kamar an ɗiga mata man gyaɗa mai zafi ne a kumatun hagu. A madubi ta ga 'yan ƙuraje a cure wuri ɗaya, wasu sun riga sun fashe sun zama ƙananan gyambuna. Jikinta kuma ya yi ɗumi. Ba ta tsaya jiran ko zai wuce ba. Ta sa hula mai faɗi, Baban Mage ya riƙe mata lema daga ƙofar gida zuwa mota.

Likita ya daɗe yana dubawa da fitila, ya ɗauki ɗan ruwan wurin a tsinken auduga don gwaji. Ya tambaya ko wani a gida yana da ƙurjin leɓe. Ta ce 'yarta.

"Amma ba ta taɓa ni ba, likita. Ko sau ɗaya. Kofinta daban, tawul daban."

Nas ɗin na gefe tana rubutu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke fa? Kin taɓa ta?"

"Na shafa mata mai a leɓe. Amma na wanke hannu, sau biyu ma."

"Wane man?"

Umma ta hango yatsanta yana komawa cikin kwalbar, sau ɗaya, sau biyu. Ita duk a zatonta an ba ta katakan ne don kada yatsa ya taɓa fuska. Ba ta taɓa kawo kwalbar a ranta ba.

Likita ya ce ba zai rantse cewa ta nan abin ya shigo ba, amma kwalbar dai a jefar da ita yau. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ta fara sha tun kafin ta bar asibitin, kuma ta dawo bayan kwana biyu. Ya ce ta yi dabara da ta zo da wuri, don irin wannan in ya bazu a fatar da aka kankare yakan bar tabon da ya fi na da. Sannan ya ce in akwai inda yarinyar za ta zauna har wurin ya warke sarai, ya fi.

Yaya ce ta haɗa kayan Mage a jaka, za ta tafi da ita gidanta. Mage na tsaye gaban firji da fensir a hannu.

"Saura uku," ta ce. "Na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku."

"An ƙara wasu kaɗan, 'yar Umma."

"Kin ce goma sha huɗu."

"Na ce."

"To ai ban taɓa ba."

Umma ta juya ta shiga ɗaki, don hawaye gishiri ne, wurin kuma ɗanye.

Gidan Yaya tasha biyu ne a motar haya, amma kamar wata ƙasa. Gidan su Umma kuwa ya yi tsit. Umma ta shiga sabon tsari: ƙwaya a kan lokaci, sabon mai na matsawa wanda ba a tsoma masa komai, wanki sau huɗu. Tsakanin wanki da wanki babu abin yi sai sauraren ƙarar firji. Takan shiga ɗakin Mage ta gyara gadon da babu wanda ya ɓata. Ta sami safa ƙafa ɗaya a bayan kujera, ta ƙi sa ta a wanki. In an kira ta waya mai hoto, Mage takan ce "Ina wuni Umma" ta zame ta bar wayar tana kallon silin.

Sai Yaya ta ɓullo da dabara. Kullum ƙarfe huɗu, in ta ɗauko yara, sai ta biyo da su ta layin. Gidan su Umma a hawa na uku yake, tagar falo na kallon titi, kuma a wannan lokacin rana na dukan tagar sosai. Don haka Umma ba ta iya leƙowa. Takan tsaya a bayan labule, ta ɗan buɗa shi da yatsa biyu, ta sa ido ɗaya. Ga shagon mai wanki da guga, ga mai gyaran takalmi a ƙarƙashin lemarsa, ga su nan sun ɓullo ta kwana. Yaya ta tsaya ta nuna sama. Mage ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu, tana neman tagar. Umma takan fitar da hannu ta gefen labulen ta kaɗa. Hannun kaɗai yarinyar ke gani. Rana ta farko ta yi tsalle tana ɗaga nata. Rana ta huɗu ta ɗaga sau ɗaya. Rana ta bakwai 'ya'yan Yaya ne suka ɗaga, ita tana kallon mai gyaran takalmi.

Kwana goma sha biyu aka yi haka kafin likita ya ce wurin ya rufe. Fatar ta yi ja-ja, ya ce za ta ɗauki watanni kafin ta koma daidai, kuma man kariya daga rana ya zama dole kullum. A kumatun hagu akwai wani ɗan wuri da ya ce sai an jira a gani. Umma ba ta ma saurari wannan sosai ba. Tambaya ɗaya ta zo da ita: ko Mage za ta iya taɓa fuskar yanzu.

"In ta wanke hannu, za ta iya," ya ce. "A hankali dai."

Ta dafa abin da Mage ta fi so, ta canza zanen gado, ta tsaya a bayan ƙofa tun ana saura rabin awa. Da ta ji takunsu a matakala ta buɗe, ta durƙusa a tsakiyar falo ta ware hannuwa.

Mage ta shigo ta tsaya a kan tabarmar goge ƙafa. An yi mata sabon kitso, leɓen ya warke tas. Hannayenta biyu na bayanta, ɗaya riƙe da ɗaya.

"Zo mana, 'yar Umma. Likita ya ce an yarda."

Ta girgiza kai.

"Je ki mana," in ji Yaya. "Ke da kika ishe mu da Umma, Umma."

"Bakina ne ya sa mata ciwo."

Yaya ta dubi Umma, ta dubi ƙasa.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Inna ta faɗa wa maƙwabciyarta. Ta ce a bakin yarinyar ta ɗauka."

"Wallahi ban san tana ji ba," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Tana can tana wasa da 'yar tsana."

Umma ta matso da gwiwa. Mage ta ja baya har ta jingina da ƙofa.

"Saurara. Ba ke ba ce. Ni ce na sa hannu a kwalba, ni ce na yi kuskure. Ke kin tsaya a kan layi, ba ki ƙetare ba ko sau ɗaya. Kin fi ni jin magana."

Yarinyar ta kalli fuskar, ta daɗe tana kallo, daga wannan kumatu zuwa wancan. Hannayen ba su fito ba.

Ranar dai ba ta taɓa ba. Abin da ta yarda da shi, bayan an ci abinci Yaya ta tafi, shi ne ta zauna a cinyar Umma ta ba ta baya, fuskarta na kallon bango, hannayenta a matse tsakanin gwiwoyinta. Umma ta zagaye ta da hannu, ta ɗora haɓa a kan sabon kitson, ta shaƙi warin man gashin gidan Yaya. Ta ji bayan yarinyar a sandare kamar katako. Ba ta ja ta ba, tana jiran ya saki. Har hasken taga ya ja baya daga kan tayil bai gama saki ba.

Ke da za a yi wa irin wannan aikin kuma kina da ƙaramin yaro a gida, ki ji da kyau. Man da kike shafawa a fuskar nan naki ne ke kaɗai. Kada yatsan kowa ya shiga cikinsa, har naki, ko da leɓen ɗanki na zubar da jini a gabanki. Ki saya masa nasa tun kafin ranar, ki ajiye a wani ɗakin. In kin ji zafin da ba ki saba ji ba, ko kin ga ƙurji, ki tafi asibiti a ranar, kada ki kwana da shi. In kuma abin ya riga ya faru, ki ja kunnen duk wanda ke shiga gidanki: kada wani ya kuskura ya faɗi inda ciwon ya fito alhali yaron na cikin ɗakin, ko da kuwa kun ga kamar wasa yake yi.